Ragowar Ruwan Buta

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa. Ƙarfe huɗu saura kwata ne na wata Laraba, a tsakar gidana da ke Ƙofar Kware. Waɗanda ke wurin su ne ni, da matata Hajiya Kulu, da babban ɗana, da matarsa Nafisa, sai taubashiyata Umma, wadda ba ta taɓa ganin kuskurena ta kau da kai ba. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ni shanu nake saye da sayarwa a kara. Bokona bai wuce firamare ba, amma a wajen tsari ban yarda wani ya fi ni ba. A gidana takalmi yana da wurinsa, buta tana da wurinta, kuma idan na yi magana ba a cika maimaita mini ita ba. (A lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin abin alfahari.)

Hajiya tana da wata fulawa a ƙaramar tukunyar ƙasa. Ganyenta kauri ne da shi, cike da ruwa, kamar yatsun jariri, sun jeru a zagaye ɗaya bisa ɗaya. Ƙanwarta Asabe ce ta karyo mata reshen a zuwanta na ƙarshe gidanmu, kafin Allah Ya karɓi abinSa. Hajiya ba ta yawan zancen Asabe. Sai dai kowace safiya takan tsaya a kan tukunyar nan na ɗan lokaci, sannan ta shiga hidimarta. Na san abin da tsayuwar take nufi.

Da ɗiyarmu ta haihu a Dundaye, jikinta bai yi ƙarfi ba, sai Hajiya ta shirya za ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. Tana bakin ƙofa da jakarta ta juyo ta ce, "Alhaji, ga hulawar Asabe nan. Kak ka yi mata komi, ka bar ta inda take."

Na ce, "Ke dai tahi. Ni da nika riƙon garke, wagga 'yar abu za ta gagare ni?"

Maganarta ta ɗan sosa ni. A sana'armu, wanda aka ba amanar dabba ya bar ta bai yi mata komai ba, sunansa maci amana. Don haka washegari na tsara aiki.

Na farko, na ɗauke tukunyar daga inuwar rumfa na ajiye ta kusa da dutsen da nake alwala, inda idona zai riƙa sauka a kanta. Na biyu, na lura akwai rami a gindin tukunyar, ruwa yana zuba yana ɓata siminti, sai na cusa leda na toshe shi sosai. Na uku, na ba ta ragowar ruwan butata. Tun muna yara mahaifinmu ya hana mu watsar da ruwan da ya rage bayan alwala, yakan ce a zuba wa mai rai. Shekara da shekaru bishiyar dogon yaron ƙofar gida nake ba wa. Yanzu na mayar da rabon ga fulawar Asabe, sau biyar kullum, daga asuba har isha. Lokacin bazara ne, irin zafin Sakkwato da ke sa kwalta ta yi laushi, kuma ina ganin sadaka nake yi.

Ba a jima ba ganye ya fara faɗuwa. Na farko-farkon da ƙarfinsu suke faɗowa, da gefen rigata ya shafe su sai su ɓalle. Daga baya na ƙasa suka koma rawaya, suka yi laushi kamar an jiƙa su, har kana iya ganin haske ta cikinsu. Ni kuwa abin da na sani shi ne, saniyar da ta rame a bazara ruwa ake ƙara mata. Sai na daina barin ragowa kaɗan, na koma barin rabin buta.

Ban zubar da ganyen da ya faɗi ba. Waɗanda suka ruɓe na jefar, masu ƙwari kuwa na jera su a kan faifai bisa yadda suka faɗo, na ɗora a saman katangar rumfa inda rana ba ta kaiwa. Shaida nake tarawa, domin na riga na yanke cewa da hannun wani a ciki. Na fara zargin ragon da ke ɗaure a gefe, na auna igiyarsa na ga ba ta kai. Na zargi zafi, amma ga ruwa ina bayarwa. Saura tsintsiyar Nafisa, ita ke share tsakar gida kowace safiya.

A nan ya kamata in faɗi cewa Nafisa ta yi karatun aikin gona. Amma matar ɗa ce, ni kuma suruki, tsakaninmu sai gaisuwa a durƙushe. Na sha ganin ɗana ya zo ya tsaya a kaina ina zuba ruwan, ya yi gyaran murya ya ce, "Baba." In ce, "Mi na na?" Sai ya ce, "A'a, ina wuni." (Ashe aiko shi ake yi, yana zuwa ƙarfin halinsa ya ƙare.)

Ranar da Hajiya ta dawo, Umma ce ta rako ta. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi rumfa, ba ta ga tukunya ba, ta waiwaya ta hango ta a bakin dutsen alwala. Kara ne tsaye, da 'yan ganye a ƙoli kamar kan kazar da aka fige. Ta tsaya tana kallonta. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na sa aka shimfiɗa tabarma, na tara kowa. Na bayyana batun rago na wanke shi, na bayyana batun zafi na wanke shi. Sannan na dubi ɗana, don ba zan dubi matarsa ba, na ce, "Ka hwaɗa ma mai shara, tsintsiya ba makami ba ta." Nafisa ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji.

Daidai nan aka kira la'asar. Na ce a dakata, ba a tashi ba sai na dawo. Na zauna kan dutse na yi alwalata a gabansu a natse, na miƙe, na karkata buta a kan tukunyar kamar kullum. Ruwan bai ma shige ba, ya tsaya a saman ƙasar yana ƙyalli.

Hajiya ta ce, a hankali, "Alhaji, mi kaka yi?"

Na ce, da ƙirjina a buɗe, "Ruwa nika ba ta. Sau biyar kullum tun washegarin tahiyarki, ban taɓa hwashi ba."

 Sai Umma ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Taubashi, hulawa anka ba ka ko shinkahwa? Kai da kaka neman ɓarawo, ga shi nan riƙe da buta."

Hajiya ta ce wa Nafisa, "Ɗiyata, tashi ki duba. Ni na ce ki yi magana."

Yarinyar ta rarrafo ta durƙusa, ta kifa tukunyar a tafin hannunta. Ƙasar ta fito caɓal, da wani wari irin na kwata, ga ledata a manne a gindi. Saiwoyin sun yi baƙi, ƙasan karan ya yi laushi. Tana kallon ƙasa ta ce, "Baba, ruwa na sunka yi mata yawa. Ita cikin ganyenta taka aje nata. In ƙishirwa ta, ganyen yamushewa shika yi, shi bushe. In ya yi rawaya ya yi taushi, to ta sha ta wuce ƙima."

Na tafi masallaci. 

Da na dawo na tarar Nafisa ta yanke ƙolin da ya rage da reza, ta ajiye shi a inuwa, ta ce sai bakin yankan ya bushe za a dasa a ƙasa mai yashi da ɗan gawayi, a tukunya mai rami. Ba ta yi alkawarin zai rayu ba. Hajiya na zaune gefe, idonta ya yi ja. Ba ni da abin da zan ba ta, sai na sauko da faifan nan, na ce, "Ga ganyenta, ban yar ba."

Ta karɓa ta duba, sai ta matso da shi kusa da fuskarta. Ta ce, "La ilaha illallah. Alhaji, duba."

Na duba. A gindin ganyen da suka fara faɗuwa, wasu siraran saiwoyi sun fito, jajaye-jajaye kamar gashi. A jikin wasu kuma har ga 'yar fulawa ta tsiro, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, amma da ganyenta a jere a zagaye, sak uwar. Babu ƙasa a faifan nan, babu ɗigon ruwa, babu wanda ya ko leƙa su. Uwar ganyen tana yamushewa, 'yar tana sha daga jikinta. Na yi shekaru ina ganin saniya na haihuwa, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar ranar ba. Abin da na tsaya a kansa dare da rana ya ruɓe, abin da na manta a kan katanga Allah Ya raya shi. Na zauna a ƙasa da rigar sallata ina ta tasbihi.

Yau tukwane ne jere a ƙarƙashin rumfa, duk jikokin fulawar Asabe, kuma Hajiya tana tsayuwarta ta safe a kansu. Nafisa na nemi gafararta ta bakin mijinta, ita ma ta bakinsa ta ce ba komai. Ragowar butata ta koma wa dogon yaro. An ba ni izinin kallo, ban da taɓawa.

Roƙona gare ka, mai karatu, biyu ne, kuma a jere. Kafin ka zuba wa irin wannan fulawa ruwa, tura yatsanka cikin ƙasar, in ka ji danshi ka ajiye butar. Sannan in akwai dattijo a gidanku da kowa ke tsoron yi wa gyara, don Allah idan ka je ka ce "Baba," ka daure ka ƙarasa maganar.