Atishawar Berta

"Moin, tsoho! Ina take?" in ji Tomke, da irin gaisuwar yankinsu.

"Moin. Wa? Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya."

Tomke ta jingina kekenta a jikin shinge, ta wuce shi fuu zuwa bayan gida. Tun asuba ta taso daga birnin Oldenburg, saboda jiya kakan nata, Opa Ubbo, ya bugo waya ya ce ɗaya daga cikin "ɓerayenta" tana atishawa, ya kife wayar abinsa. Ɓerayen masar ne guda biyu, Berta da Lotte. A wata gona aka haife su, a fili suka tashi, ba su taɓa kwana a ɗaki ba. Da mai gidan hayarta ya ce ba zai ga dabba ba, sai ta kawo su lambun tsohon a watan Mayu. Shi kuma ya yarda da sharaɗi ɗaya, cewa ɓera ba zai taka masa ƙofa ba. Likitar dabbobi ta ja wa Tomke kunne: wanda ya saba da waje gashinsa na kauri, zai jure hunturu a akurki mai ciyawa, amma a yi ta shigo da shi ɗaki mai ɗumi ana mayar da shi sanyi, huhunsa ne zai kamu. Yanzu ga Nuwamba, ga Berta a takure a lungu, hancinta jiƙe, numfashinta na ɗan ƙara.

"Opa, me ka yi mata?"

"Ni? Me ya haɗa ni da ɓera? Na zuba musu ciyawa, na juya bayana. Ko sunansu ban riƙe ba."

"Ka bar ƙofar akurkin a buɗe."

"Akurkin da na gina da hannuna? Yarinya, da ke zan saka ciki da kin yi ƙiba. Ya fi wancan kogon da kike haya ɗumi."

"To daga ina ta samo mura?"

"Daga uwar ɗakinta. Ke ma haka kika tashi, iska ta kaɗa a ƙasar Holan ki yi atishawa a nan."

"Ai gado na yi. Wa ke sa wando uku tun watan Satumba?"

"Ni? Ni da na ga hunturun shekarar saba'in da tara? Dusar ƙanƙara ta binne gidan nan har bututun hayaƙi, da cokalin shayi na haƙo kaina na fito."

"Bara cewa ka yi da cokalin miya."

"Ƙanƙarar ce take ƙaruwa, ba ni ba."

Tomke ba ta yi dariya ba. Ta kara kunnenta a jikin Berta, ta ji wani ɗan kurkur a ƙirjinta. Irin waɗannan dabbobi ba sa nuna ciwo sai ya ci ƙarfinsu, kuma ta san haka. Ta saka su biyun a akwatin tafiya, don ba a raba su ko zuwa asibiti ne. Sai ƙarfe sha ɗaya likita za ta gan su, saura awa guda cur. Ta ajiye akwatin a ɗan soron shiga gida, inda babu hita, ta bi tsohon zuwa kicin.

"Kin shigo min da su gida," in ji shi.

"Soro ba gida ba ne."

"Da haka ake farawa. Yau soro, gobe su nemi kujerata, jibi su karɓe min fansho. Zauna ki sha shayi, ko da yake ke bakinki ya lalace da gahawar birni."

"Shayinka ai ko fenti sai ya kankare."

"Shi ya sa haƙorana suke nan daram."

"A cikin kofin ruwa a gefen gado, na gan su."

"Suna nan dai, ko ba sa nan?"

Ya jefa dunƙulen sukari a kowane kofi, ya tsiyaya shayi, sukarin ya yi ƙas-ƙas. Tomke ta lura sau biyu yana waiwayen ƙofar soro. Ya miƙe ɗauko madara. Yana buɗe firij, murfin ya yi ɗan kukan nan nasa, sai ga ihu ya ɓarke daga soro: wiik, wiik, wiik! Lotte ce, kamar ana yanka ta. Can ƙasa-ƙasa Berta ma ta amsa da dusasshiyar murya.

Tomke ta ajiye kofi a hankali.

"Opa. Rufe firij ɗin."

Ya rufe. Shiru.

"Buɗe."

"Ni ba yaronki ba ne."

"Buɗe mana."

Ya buɗe. Soro ya sake ɗaukar ihu.

"Dabbar da aka haifa a gona," in ji Tomke, "wadda ba ta taɓa shiga ɗaki ba, a ina ta san kukan firij yana nufin abinci?"

"Suna da ilimi. Ba irin naki ba."

"Daga ƙarshen lambu suke jiyo shi?"

"Kunne gare su kamar na matar maƙwabci."

Ta tashi ta leƙa cikin firij ɗin. Kokwamba shida a jere, jan tattasai cike da kwano, har da ganyen salak a wanke.

"Wannan fa? Kai da ka ce ganye abincin zomaye ne? Shekara hamsin kakata Oma tana fama da kai ka ci kokwamba ɗaya."

"Na tuba. Likita ya ce in gyara."

"Ci ɗaya in gani."

Ya ɗauki kokwambar ya dube ta kamar an ba shi sabulu, ya mayar. Tomke ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kujerarsa ta gefen murhu, ta zaro busasshiyar ciyawa cike da hannu, ta ɗaga masa.

"Kai ne kake ci da daddare?"

"Iska ce ta shigo da ita."

"Opa, tun yaushe?"

Wasan ya gudu daga fuskarsa. Ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Tun ranar da raɓa ta fara daskarewa. Sati uku. Na leƙa ta taga na gan su a cure wuri ɗaya, ni kuwa ina nan ina gasa ƙafa. Sai na ce awa biyu kawai da yamma, su sha ɗumi in mayar."

"Daga gaban murhu zuwa ƙanƙara, kullum! Ai na faɗa maka abin da likita ta ce."

"Kin faɗa. Na ɗauka surutun 'yan boko ne." Ya murza hular. "Mutuwa za ta yi?"

Tomke ta so ta ce a'a, amma ba ta sani ba, kuma ba ta iya yi masa ƙarya. Haushi da tausayi suka cakuɗe mata.

"Idan an ba ta magani yau, mai yiwuwa ta tashi. Amma ka lalata musu sabo. Yanzu ba sauran waje. A ɗaki za su zauna har tsakiyar Mayu, sai sanyin ƙarshe da ake kira sanyin Sofi ya wuce, ranar da kake fitar da tumatirinka."

"Wata shida? Da ɓeraye a ƙarƙashin rufina?"

"Ko in kai su wurin ƙawata a garin Leer, ta riƙe su. Ka huta."

"Ƙawarki? Wadda ta kashe fulawar roba?"

"To wa zai riƙe? Kai ko sunansu ba ka sani ba."

"Berta ba ta cin tattasai sai an cire 'ya'yan," ya faɗa da sauri. "Lotte kuwa ɓarauniya ce, sai an raba musu kwano."

Tomke ta zuba masa ido. Tsohon ya gane ya gama tona kansa, sai dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, idonsa na sheƙi.

"To, kin ci, mayya. Su zauna. Ɗakin ɗinkin kakarki ba zafi ba sanyi, kuma na riga na kwashe keken ɗinkin tun shekaranjiya."

Ya shiga ciki ya fito da mayafin ulu na Oma, shuɗin nan da ko taɓa shi ba a yi tun da ta rasu. Ya durƙusa da ƙyar a soro, ya lulluɓe akwatin da shi, ya cusa gefunan.

"Opa, za su ɓata shi."

"Su ɓata. Shekara biyu ina buɗe firij ɗin nan babu mai ce min kanzil." Ya ɗauki akwatin ya rungume a ƙirji, ya miƙa mata makullin mota. "Ke ja, ni zan riƙe ta. Kuma ki bi a hankali, tuƙinki ya fi murar haɗari."