Oga Taswira Ya Rabar Da Gari

Jama'a, a tafa wa Oga Taswira. A tafa da ƙarfi, don yana so ya ji. Shi ne shugaban ofishin tsara filaye na ƙaramar hukumarsu, mutumin da ko masai za ka haƙa sai ya sa hannu. Kujerarsa mai juyi ce. Bayanta ga taswirar gari ta cinye bango guda. Abu ɗaya Oga ya tsana a duniya: ƙorafi. Yana ɓata masa shayin safe.

Ranar da matan bayan kasuwa suka cika masa ofis, wai kwata ta shigar musu har ƙarƙashin gado, wata mai goyo ma ta ɗare masa kan tebur, Oga ya juya ya kalli taswira. Sai basira ta sauko. Ashe unguwar a bakin iyaka take da ƙaramar hukumar maƙwabta.

"Iyayena," in ji shi, yana gyara wuyan riga, "babban shugaba ba ya ƙanƙame komai. Zan ba da shawara a miƙa ku ga maƙwabta. Ku kai musu kwatarku."

Kansiloli suka ɗaga hannu, su ma sun gaji. Aka yi taron miƙawa, aka ɗau hoto, Oga a tsakiya. Shugabar tsara filaye ta can, wadda yake ce wa "ƙanwata" a gaban mutane don ta san matsayinta, ta karɓa ta ce, "An gode, Yaya."

Shi ke nan, Oga ya ɗanɗana. Makanikai sun yi rigima kan gareji? A miƙa. Direbobi na son faɗaɗa tasha? A miƙa. Duk wanda aka miƙa, na bayansa ya zama bakin iyaka, shi ma a miƙa. Har unguwar surukarsa ya sallama, don tsohuwar ta dame shi da waya kan maganar katanga. Ofis ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

A gida ya miƙe ƙafa yana cika baki. "Kin ga aiki? Ko mutum ɗaya ba ya kawo ƙorafi yanzu."

"To Baban yara," in ji matarsa, "mutanen fa, ina suke zuwa?"

"Ke dai kawo ruwa. Mulki ba fanninki ba ne."

Rannan ciyaman ya faɗo ofis ko sallama babu, yana neman filin da za a gina asibiti. Oga ya miƙe da fara'a, ya kai yatsa gabas: na maƙwabta. Ya kai yamma: na maƙwabta. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Can yatsan ya tsaya kan wani ɗan zagaye.

"Ranka ya daɗe, ai muna da shataletale."

Ciyaman ya daɗe yana kallonsa. A ranar aka mai da ofishin ɗakin ajiye karyayyun kujeru, aka tura Oga ya je ya tsara abin da ya rage masa.

Yanzu kullum yana can tsakiyar titi cikin kwat, riƙe da tiyo, yana ba furanni ruwa, masu babur na zagaya shi suna "Oga, a gaishe ka!" Da rana ta ishe shi, ya kira ƙanwarsa ya ce zai miƙa mata shataletalen ma.

Ta ce, "Haba Yaya, riƙe abinka. A nan ɗin muna ganin ƙoƙarinka."