Maiƙon Fuskata da Takardar Kabon

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a tsakiyar bazara ba, shekarar da naira ta fara shiga hannun mutane. Ina 'yar shekara ashirin da biyu a lokacin, ina aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, ina zaune a gidan yayana a Kurmin Mashi. Hannuna da sauri, aikina da tsafta, sai dai ina da wata matsala da nake ganin ta fi ta kowa a duniya, wato maiƙon fuska.

Ba ɗan ƙaramin maiƙo nake nufi ba. In na fito gida da safe fes, kafin bas ta sauke ni a bakin ofis goshina da hancina sun soma ƙyalli. Zuwa sha ɗaya kuwa, in ka manna min takarda a goshi za ta fito kamar wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki. Matar yayana ma takan ce in man girki ya ƙare a gidan ba ta damuwa, tunda ga ni. (Ina yin dariya a gabanta, in shiga ɗaki in yi ta haushi.)

Sai na ɗaura yaƙi da fuskata. Sabulun wanki nake sa wa soso in dirje ta sau huɗu ko biyar a yini, har ta bushe ta yi tauri tana zafi. Daga nan in tausaya mata in shafa basilin, sannan in lafta hoda a kai. Abin da nake samu shi ne maiƙon ya dawo ninki biyu, ya zo da rakiyar ƙuraje.

A ɗakinmu na masu tafireta akwai Yaya Dije, wadda ta girme mu duka kuma ita ke raba mana aiki. Wata rana ta zura min ido ina gyara hoda karo na uku, ta ce, "Ke ƙanwata, wannan fuskar laifin me ta yi miki? In kin dirje ta kin ƙwace mata mai, ai wani za ta sake fitarwa, har da ƙari. Ki wanke ta safe da yamma da sabulun salo, a hankali, ki rabu da basilin ɗin nan. Hodar ma ki rage."

Na ce to. A raina kuwa na ce wadda fuskarta ke bushe ƙamas me ta sani. Abu ɗaya kawai na ɗauka daga cikin shawararta, shi ma don ya fi sauƙi: ta nuna min yadda ake danna filimsi a fuska ya tsotse maiƙon ba tare da an goge ba. Ga wanda bai san aikin ba, in za mu buga wasiƙa takarda uku muke jerawa. Ta sama ita ce ta ainihi, ta tsakiya takardar kabon mai shuɗin tawada, ta ƙasa kuma wata siririyar farar takarda da kwafi ke fita a kanta, ita ce filimsi. A durowata kuwa filimsi da kabon wuri ɗaya suke kwana, don ni ba gwanar shirya durowa ba ce.

To, ana nan sai aka ce za a ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu ta koma sakatariyar Babban Sakatare. Ƙarin girma ne da ƙarin albashi, ga ofis naka kai kaɗai mai fanka biyu. Mu uku aka kira intabiyu, kuma ba yabon kai ba, kowa a ɗakin ya san na fi sauran biyun sauri. Har na riga na faɗa wa mutanen gidanmu su fara yi min murna.

Ranar Talatar na tashi na dirji fuska fiye da kullum, na shafa hoda har na yi furu-furu. Aka ce ƙarfe goma za a fara, ba a fara ba sai sha biyu saura, wuta kuma ta ɗauke, fanka ta tsaya. Ina zaune ina jin maiƙo yana ratso hodar nan a hankali. Yaya Dije ta kai takardu wani ofis, sauran biyun kuma suna can waje a layi. Can sai na ji Baba masinja yana kiran sunana daga baranda.

Na zura hannu a durowa ban duba ba, na zaro takarda, na danna a goshi, na danna a hanci, na bi kumatu biyu da haɓa, yadda aka koya min. Na dunƙule ta na jefa a jaka. Yatsuna sun yi shuɗi, amma yatsun mai tafireta kullum a haka suke, don haka ban kawo komai a raina ba.

A baranda Baba masinja ya dube ni ya buɗe baki. "'Yata, ɗan tsaya mana..."

"Baba, sai na fito," na ce, na wuce shi fuu.

Mutum uku ne a bayan teburi, na tsakiyarsu wani dattijo mai farin gemu da tabarau. Na yi sallama na gaishe su, suka amsa, sai kuma duk suka sunkuyar da kai kan takardunsu. Na hagu ya kama tari. Na dama ya juya yana kallon taga kamar an ce masa za a yi ruwa. (Ni a wautata na ɗauka kwarjini na yi musu. Har da ƙara gyara zama.)

Dattijon ya yi min tambayoyi kan saurin bugu da yadda ake ajiye fayil, na amsa tiryan-tiryan. Sai ya cire tabarau, ya ɗan shafa goshinsa da yatsa, ya ce, "Malama, wannan aiki na sirri ne. In kin buga wasiƙar sirri, ita takardar kabon da kika yi amfani da ita, ina kike kai ta?"

Na ji daɗi, don na san amsar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙona ta ake yi, saboda rubutun yana zama a jikinta. Ba a barin ta fita daga ofis ko da wasa."

Ya gyaɗa kai. Ya sake shafa goshinsa, ya gangaro da yatsan har kan hancinsa, ya ce, "Madalla. Amma ke, Malama, ina kike kai taki?"

Bawan Allah nan hannunka mai sanda yake yi min, irin na dattijon da ba zai iya duban 'yar mutane ya ce mata fuskarta ta ɓaci ba. Ni kuwa na ɗaga haɓa na ce, "Ni ranka ya daɗe, ba a taɓa ganin kabon ɗina a inda bai dace ba."

Na hagu ya nemi izini ya fita da tarinsa. Dattijon ya ce in je, za a neme ni.

Na koma ɗakinmu ina taku ɗai-ɗai, na tarar Yaya Dije ta dawo. Ta ɗago ta dube ni, hannunta ya tsaya a kan tafireta. Ta ce, "Ƙanwata, haka kika shiga?"

"Haka kamar yaya?"

Ta buɗe jakarta ta miƙo min madubi. Hodar da na lafta ita ta zama farar takarda, maiƙon kuma ya kama tawadar ya riƙe gam. Goshina shuɗi, hancina shuɗi, kumatu biyu da haɓa kowanne da nasa tambarin. Na zazzage jakata, ga dunƙulen kabon nan. Wato ba a fuska kaɗai na shiga da shi gabansu ba, har da guzuri na yi.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ban sake jin irinta ba har yau. Na zauna a ƙasa bayan kabad ina kuka, hawaye na ƙara raba shuɗin. Yaya Dije ta aika aka kawo ruwa, ta fito da ɗan guntun sabulun salo daga jakarta, ta wanke min fuska da hannunta a hankali, irin wankin da ta daɗe tana cewa in yi. Ko kalma ɗaya ta gori ba ta yi min ba, kuma wannan ya fi gorin zafi.

Aikin dai ta leƙo ta koma, wata aka ba. Sai da na yi kwana uku kafin na iya faɗa wa mutanen gida dalili, matar yayana kuwa ta yi dariya har da riƙe bango. A ofis sunana ya koma Kwafi, kuma ya bi ni har na yi ritaya.

Tun daga ranar na ajiye soso da basilin, na koma wanki sau biyu a yini, ƙurajen suka tafi, maiƙon ya ragu ya zama na zaman lafiya. Na raba wa kabon da filimsi durowa, na sayi madubi ɗan ƙarami. Yanzu jikokina suna tambayata me nake shafawa fuskata ba ta yamutse ba, in ce musu abin da na yi shekaru ina yaƙi da shi ne. Amma har gobe, in dattijo ya maimaita min tambaya yana shafa goshinsa, madubi nake fara nema kafin in nemi amsa.