Ranar da na girgiza kwalbar Patron

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da hannuna ya ci mini mutunci a Paris.

Lokacin ina tuƙa mota a wani ƙaramin gidan dafa giya a Lyon. (Ku ajiye wa'azin don Allah. Ban taɓa kai ta baki ba, kuma limaminmu na unguwar Guillotière ya riga ku.) Ni da na bar lekol a Maradi tun ban iya rubuta wasiƙa ba, wa zai ba ni biro, aikin ofis? Aikin ma na wucin gadi ne. Amma maigidan, wanda muke kira Patron, ya ce in wani babban gidan abinci na Paris ya yarda ya riƙa sayen giyarsa, zai ɗauke ni dindindin.

Giyar ba irin ta 'yan bakin titi ba ce. A gangar itace ake zuba ta, wadda wiski ya taɓa zama ciki, a bar ta shekaru a ɗakin ƙasa. Akwai wata babbar kwalba da Patron ke ji da ita fiye da matarsa. Tun kafin ranar ɗanɗano ya sa na kai ta Paris, wai ta huta gajiyar hanya. (Ni da na tuƙo ta ba wanda ya ce in huta.)

Ranar na tsaya bakin ƙofa ina kallo. Wallahi ban taɓa ganin mutane suna girmama abin sha haka ba. Da ƙananan kwalabe aka fara, ɗan kaɗan ake zuba wa kowa, ya ɗaga wa haske, ya jujjuya, ya cusa hanci, ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Wani mai gemu ya ce, "Da busasshen inabi take farawa, sai gahawa, can ƙarshe sai tsohuwar fata." Wani ya ce, "Tana da kunya, amma akwai magana a bakinta." Giya fa!

Mai gidan abincin wata tsohuwa ce, Madam, siririya. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce wannan gangar ba wiski ta riƙe ba, giyar jan inabi ce, kuma an yi mata zafi wata bazara. Patron ya gyaɗa kai. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina wannan mata ba ita kaɗai take ba.

Sai Patron ya ce mini, "Je ka ɗauko babbar. Doucement!" Wato a hankali.

A lungu na ɗaga ta, na ga wani gari-gari ya kwanta a gindinta. To ku faɗa mini, wane ɗan Maradi ne zai miƙa wa manya kunun zaƙi, tsararo a sama, daɗin duk a ƙasa? Da uwata ta gani sai ta mare ni. Na ce Patron ya ruɗe ya manta, bari in rufa masa asiri. Na kama ta hannu biyu na girgiza, na juya ta na ƙara, sai da gindin ya fita tas. Sannan na shiga da ita a hankali, doucement, kamar yadda aka ce.

Patron ya kwance wayar da ta ɗaure murfin. Bai ma taɓa murfin ba, ji kake fau! Baƙar kumfa ta yi sama, ta sauko kan tebur, kan gemun mai gemu, kan farar rigar Madam.

"Me ya same ta?" in ji Patron, murya kamar zai yi kuka.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ni, da bakina, na ce, "Ni na gauraya ta, Patron. Duk daɗin ya kwanta ƙasa."

Ashe gari-garin nan shi ake lallaɓawa kada ya tashi. Hutun da aka ba ta ke nan.

Madam ta goge fuska, ta miƙa kofi, aka tsiyaya mata ɗan lakar da ta rage. Ta kurɓa. "An tashe ta da mari," ta ce. "Ko a fusace an san 'yar gidan mutunci ce, amma ba na yin ciniki da mai fushi. Ka dawo baɗi." Ta dube ni. "Kai kuma, Monsieur, Allah ya ba ka ƙarfi."

Muna isa Lyon Patron ya karɓe makullin mota. Da shekara ta zagayo ya koma Paris, na ji an ce an daidaita, sai dai wani ne ya tuƙa shi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga Bature ya bar abu a kwance, ba mantuwa ya yi ba, kuma ba taimakonka yake jira ba. Yanzu gadi nake yi a Bobigny. Aikin ya dace da ni, ba a taɓa komai.