Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ba Ta Mutu da Aiki a Hannu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Sakatariya ke sanar da rasuwar kwamfutarta, Dattijuwa, wadda 'yan ofis marasa kunya ke kira Kunkuru. Ta cika ranar Talata, ƙarfe sha biyu saura minti biyu na rana, bayan shekara goma sha ɗaya tana hidima a kan teburin da ke jikin taga.

Marigayiya ba mai wadata ba ce. Memorinta giga biyu ne kacal, ɗan falo mai cin baƙo uku. Amma ba ta taɓa korar baƙo ba. Idan manhajoji suka cika falon, sai ta duba wadda ke gyangyaɗi, ta lallaɓa ta zuwa faifan ajiya, ta shimfiɗa mata a can, in an neme ta kuma ta koma ta ɗauko. Wannan kai-kawon ne jahilai suka kira lalaci. Sakatariya ta san karamci ne.

Ciwon ajali ya zo ta hannun Injiniya, ƙanin matar Manaja, wanda ya daɗe yana yi wa matarsa kwaɗayin kujerar Sakatariya. Shi ya zuga Manaja ya gindaya sharaɗi: in rahoton shekara, shafi ɗari biyu da hotunansa, bai fito kafin sha biyu ba, tsohuwar na'ura da mai ita duk su kama gabansu. Da safe kuwa Injiniya ya zo wai duba lafiyar Dattijuwa, ya buɗe shafin intanet arba'in, har da bidiyon ƙwallo, ya ɓoye su a ƙasa ya fice yana fito.

Falo ya cika. Ɗakin ajiya ya cika. Dattijuwa ta kai wannan, ta ɗauko wancan, kafin ta juya an sake kiran na farko. Jar fitilarta ta daina ƙiftawa. Linzamin kwamfutar ya sandare. Babu abin da ake ji sai ƙirrr, ƙirrr, tak, da fanka na huci. Sakatariya ta ɗora tafin hannu a kan murfinta, ya yi zafi kamar goshin mai zazzaɓi, ta ƙi ta taɓa makunni, don gyaran ƙarshe bai adanu ba.

A nan marigayiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta kori baƙo. Ta shaƙe shafukan Injiniya arba'in ɗin, ƙwallo da komai, ta adana rahoton, ta miƙa wa firinta. Shafi na ɗari biyu na faɗowa, ta ce tiiit sau ɗaya. Allo ya yi baƙi.

Ta rasu ta bar firinta, abokin zamanta, da madannai da harafin A ɗinsu ya goge, da linzami mai ɗingishi, da Sakatariya.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali gobe bayan an tashi daga aiki. Ba za a miƙa ta ga 'yan gwangwan ba, ko da ƙusa ɗaya. Memorinta zai zauna a durowar sama, cikin hankici. An yafe wa Injiniya ta'aziyya, ya riƙe abarsa. Sauran masu gaisuwa za su sami Sakatariya a inda suka saba samunta: jikin taga, a kan kujerarta.