Rasuwar Madam, Motar Ɗan'azumi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci cike da warin da har yau bai fita ba, Malam Ɗan'azumi direba na tashar Dogon Dutsi yake sanar da 'yan'uwa da abokan hanya rasuwar motarsa Madam, wadda injinta ya cika a cikin rairayi tsakanin Dumega da Kore Mairuwa, ranar kasuwa, rana tsaka.

Marigayiya ta zo hannunsa shekarar da aka samu mulkin kai, daga wani Bature mai aikin gona da zai koma gida. Tun lokacin ta tsufa, don agogon da ke ƙirga tafiyarta ya daɗe da tsayawa. Amma ba ta taɓa kwana da fasinja a daji ba. Ta ɗauki gero da wake da awaki da masu tafiya cin rani, kuma ba ta taɓa cewa kaya ya yi yawa ba. Da safe idan an murɗa ta, sai ta ce ƙyaf, ƙyaf, tuf, sannan ta kama gur-gur-gur ɗin nan da matan unguwa ke tashi daka da shi. Abin da take nema kaɗan ne: baƙin mai a kan lokaci, ruwa mai tsabta, a goge mata buji, wato filogi. Ɗan'azumi kuwa bai taɓa hana ta ba, ko da shi zai kwana da yunwa.

Ciwon ajalinta ya soma da tari da hayaki. Tsufa ya sa tana shan baƙin mai fiye da da, ranar nan kuma gwangwanin man da Ɗan'azumi ya ɗauko ya huje a hanya. Ta yi zafi, ta tsaya, kuma duk faɗin Arewa ba ta ga wurin tsayawa ba sai bakin rugar Gidaɗo, surukinsa, uban matarsa Hawwa'u.

To, Gidaɗo dattijo ne mai hannun jinya, saniyar da aka fid da rai da ita yakan tashe ta. Ya zagaya Madam, ya dafa ta, ya ji zafin jiki, ya ce ai wannan ƙishirwa ce da bushewar ciki. Ya aika aka kawo ruwan kanwa, irin wanda yake ɗura wa shanu, da ƙwarya guda ta man shanu wanda ya kwana biyu har ya soma tsami. Shi kuwa Ɗan'azumi tun da ya hango tsohon ya tuɓe takalma ya durƙusa, ido a ƙasa. Mutumin da ba ka iya kama sunansa, ta ina za ka ce masa a'a a gaban fasinja? Balle dangin Hawwa'u tun farko ba su so a ba ɗan gari ita ba, Gidaɗo kaɗai ya tsaya masa, sauran kuwa dalili kawai suke jira su zo su tafi da 'yarsu. Yana tsugune yana jin ɓul-ɓul-ɓul, kanwa ta shiga inda ruwa ke shiga, man shanu ya bi inda baƙin mai ke bi. Da aka gama har godiya ya yi.

Madam ta tashi, baiwar Allah, ta yi 'yar tafiya don kada ta kunyata kowa. Daga nan wari ya taso. Kai, tir! Ƙauri ne da tsami da ɗoyi a haɗe, kamar an babbake tsohuwar fata. Wata 'yar kasuwa ta yi amai cikin kwandon kuɓewarta, akuyar da ke ɗaure a baya ta tsinke igiya ta gudu. Marigayiya ta ce ƙwas, ƙwas, ƙararas, ta ja dogon fuuu, shi ke nan.

Ɗantala bakanike, da ya zo ya buɗe cikinta, sai da ya naɗe hanci da rawani. Ƙarfe ya manne da ƙarfe, wani baƙin dunƙule ya daskare a ciki, ƙudaje sun yi sallama, tururuwa ta yi layi tun daga ƙasa. Ya tofar da yawu, ya tambayi wane marar imani ne ya yi wannan aika-aika. Mutane na tsaye suna jira. Ɗan'azumi ya dubi inji, ya ce shi ne, da hannunsa. Kafin la'asar labari ya riga shi isa tasha, yanzu har yara na kiransa Mai-soya-inji, kuma attajirin da ya so ba shi tuƙin babbar mota ya aiko ya ce ya fasa.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, babu biyu da suka haɗa uba, da ƙarfen murɗawa, da kujera guda mai sauran mutunci, da direba wanda ba shi da abin tuƙi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bijiman Gidaɗo ne za su jawo gawa zuwa bayan garejin Ɗantala. Maƙera su zo da guduma, dukawa su zo su raba tayoyi don takalma, kowa kuma ya zo da abin toshe hanci. Za a karɓi gaisuwa a zauren Ɗan'azumi, Hawwa'u ce za ta dama fura. Gidaɗo zai zauna a kan babbar tabarma, kuma kamar yadda yake faɗa wa duk wanda ya gamu da shi, zai sake faɗa cewa shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yaron ne bai kawo ta da wuri ba. Ana roƙon jama'a kada kowa ya yi dariya idan Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba."