Tagulla a Cikin Leda

A wata ma'aikata, da ba sai na faɗi sunanta ba, an yi wani darakta, Alhaji Barau, mutum mai tattalin kaya. Motarsa ta tsufa har ta fara tari, amma ledar kujerunta tana nan yadda kamfani ya naɗo ta. Burinsa ɗaya ne a duniya: kujerar Babban Sakatare, wadda mai ita ya yi ritaya ya bari.

Da mura ta addabi ma'aikatar, sai aka sauya mariƙan ƙofofi da ƙarfen benen da ake dafawa, aka sa na tagulla, don masana sun ce ƙwayar cuta ba ta daɗewa da rai a kanta. Masu aikin suka ce saura a ɓare leda. Alhaji ya ce ko kusa. An gaya masa hannu na sa tagulla ta dushe, ga shi kuma Kwamishina ba ta zo ta ƙaddamar ba.

Mataimakinsa, Malam Tanimu, ya same shi a ofis, murya a shaƙe.

"Yallaɓai, da an cire ledar nan. Ai sai hannu ya taɓa tagullar kanta take aiki."

"Tanimu, kai fa ba ka san darajar sabon abu ba. Hannun wa da wa ke taɓa ƙofar nan? Har masu cin gyaɗa!"

Aka bar leda. Ita kuwa mura ba ta jira ƙaddamarwa ba. Ta gama da sashen kuɗi, ta dafa ƙarfen bene ta hau sama, ta gaisa da kowa hannu da hannu.

Ranar da Kwamishina, Dakta Laraba, ta zo, waɗanda suka iya fitowa suka yi layi, kowa da hankicinsa. Jawabin maraba ma a gutsuttsure ya fito, atishawa na raba shi. Sannan Alhaji ya matsa gaban babbar ƙofa, ya ɓare ledar da kansa. Tagulla ta ɗau ido kamar kayan ɗakin amarya.

"Ranki ya daɗe, duba ki gani," in ji shi, yana jan hanci. "Tun da aka kafa ta, ko yatsa ban bari ya sauka a kanta ba."

Dakta Laraba ta dubi mariƙin, ta dubi jajayen idanun da ke layi.

"Na gani, Darakta. Duk ginin nan ƙofar ce kaɗai ta tsira."

Alhaji ya ɗauka yabo ne. Ya gyara zaman hula, ya rage murya.

"Haka muke riƙon amana, ranki ya daɗe. Shi ya sa nake cewa, kujerar nan ta sama da ke zaune ba kowa, in da za a duba mai tattali..."

"Ai ka riga ka koya mini dabara, Alhaji," ta ce, tana shafa man kashe ƙwayoyin cuta a hannu. "Ita ma a ledarta za mu bar ta, kada zamanka ya sa ta dushe."